Manya ne suka yi wa dek ɗinka yawa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na dawo gida na zauna, don ba amsar layi biyu ba ce.

Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi sati uku ke nan da ya fara Marvel Snap, wasan kati na waya mai jaruman Marvel, ya hau har mataki na 30 da ɗoriya babu wata wahala, daga nan abu ya tsaya cak, yau ya hau gobe ya sauko. Yana tambaya ko dole sai ya sa kuɗi ya sayi kati kafin ya ci gaba. Ya kuma sa hoton dek ɗinsa, wato katuna 12 da yake shiga wasa da su: Ant-Man, Nightcrawler, Carnage, Lady Sif, Ka-Zar, Iron Man, Blue Marvel, Devil Dinosaur, Hulk, Odin, Spectrum da Onslaught.

Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ni na fara wasan nan ba da daɗewa ba bayan fitowarsa a watan Oktoban 2022, kuma dek ɗina na farko kusan irin naka ne sak. Duk wanda na sani a fim, na ga lambarsa babba, sai na jefa shi ciki. Hawan da ka yi da farko ma kada ya ruɗe ka, a matakan ƙasa da yawa daga cikin waɗanda kake karawa da su na'ura ce ba mutum ba. Yanzu ne ka fara haɗuwa da masu lissafi.

To mu ma mu yi lissafin. Zagaye 6 ake yi. A zagaye na 1 kana da kuzari 1, wato abin da kake biyan farashin kati da shi, a na 2 kana da 2, haka har na 6. In ka tara su duka, 21 ne, kuma abin da ba ka kashe ba a zagayensa ya tafi, ba a ajiye maka. Yanzu tara farashin katunanka goma sha biyu: 50. Kati bakwai daga ciki farashinsu 5 ne ko 6. Nawa za ka iya saukewa a cikinsu? Biyu. Ɗaya a zagaye na 5, ɗaya a na 6. Sauran biyar ɗin, duk wanda ya zo hannunka zaman ɗumama kujera zai yi har a tashi. Shi ya sa kake ganin zagaye na 2 da na 3 suna wucewa kana kallon allo babu abin sawa, abokin karawarka kuwa yana ta cika filayen nan uku da ake sa kati a cikinsu. A dek ɗin nan mutum ɗaya ne yake jin daɗin wannan cunkoso, Devil Dinosaur, tunda shi ƙarfinsa ƙaruwa yake da yawan katin da ke hannunka.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce katunanka faɗa suke yi da junansu. Lady Sif in ta sauka, katin da ya fi tsada a hannunka take zubarwa. An yi ta ne don Apocalypse, wanda in an zubar da shi yake dawowa hannu da ƙarin ƙarfi 4. Kai ba ka da shi, don haka Hulk ɗinka ko Onslaught take yarwa a banza. Carnage cinye katunanka da ke filinsa yake yi, ya ƙara ƙarfi da su. Abincinsa irin su Nova ne da Bucky Barnes, waɗanda mutuwarsu riba ce. A wurinka Ant-Man zai ci, shi kuwa Ant-Man ba ya yin ƙarfi sai filinsa ya cika da kati huɗu. Odin aikinsa ya sake tayar da katunan On Reveal da ke filinsa, wato masu aiki sau ɗaya lokacin da aka buɗe su. Wa zai tayar maka? In ka ɗora shi a kan Carnage, Carnage zai farka ya cinye kowa a wurin, har shi Odin ɗin. Na taɓa yin wannan da hannuna, ina cikin A Daidaita Sahu, sai da na yi salati da ƙarfi har direba ya waiwayo. Ka-Zar kuma yana ƙara wa katuna masu farashi 1 ƙarfi, kai kuma biyu kacal gare ka. Ka ɗauko sarki ka ba shi gari mai mutum biyu.

Dabaru huɗu ke nan a dek ɗaya, kowacce rabi-rabi. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne bambancin wannan wasa da Whot ɗin da muka taso muna yi. A Whot in an tura ka kasuwa, abin da ka ɗebo shi ne rabonka. A nan kai ne ka zuba kayan kasuwar da kanka, guda 12, babu maimai. Kana farawa da kati 3 a hannu, kana jan ɗaya kowane zagaye, ke nan zuwa zagaye na 6 ka ga 9 cikin 12. Uku ba za ka gan su ba sam. Duk wani kati guda, damar ya zo maka kafin a tashi kashi 75 cikin 100 ce. In kana buƙatarsa a zagaye na 3, rabi da rabi ne. In dabararka sai kati biyu takamaimai sun haɗu, ta sauko kusan kashi 55. In uku ne, kusan 38. Kuma wannan ba a ma sa lokacin zuwansu a lissafi ba. Akwai haɗin da na yi wata guda ina haukarsa: Wong, mai sa katunan On Reveal na filinsa su yi aiki sau biyu, a zagaye na 4, White Tiger, mai jefa damisa a wani fili, a na 5, Odin a na 6, duk a fili guda, damisoshi su cika sauran filaye. Ranar da na zauna na lissafa damar kowanne ya zo a kan lokacinsa, sai na samu kashi 26. Wasa ɗaya cikin huɗu ke nan. Sauran ukun ina zaune ina jiran baƙon da ba zai zo ba.

Saboda haka kafin ka taɓa kati ko ɗaya, ka iya faɗar abin da dek ɗin yake yi a jimla guda. In ka kasa, bai haɗu ba. Sannan ya zama yana da hanya fiye da ɗaya ta kai wa ga wannan abu gudan, yadda in wane bai zo ba wane zai tsaya a madadinsa.

Da abin da ka riga ka mallaka, ga wanda zan ba ka shawara, kuma jimlarsa ita ce: na cika filaye da ƙananan kati, sannan na ɗaga su gaba ɗaya. Ka riƙe Ant-Man, Nightcrawler, Ka-Zar, Blue Marvel da Onslaught. Ka shigo da Squirrel Girl, Elektra, Korg, Angela, Armor, Bishop da Cosmo. Duk katunan farko-farko ne, in ma akwai wanda bai fito maka ba tukuna, sa wani mai farashi ɗaya da shi kafin ya zo. Farashinsu duka 30, ka ga bambanci da 50.

Dubi yadda suke riƙe da hannun juna. Squirrel Girl tana jefa kurege ɗaya a kowane ɗayan sauran filaye biyu, kuma kuregun nan farashinsu 1 ne, don haka Ka-Zar yana ɗaga su. Blue Marvel yana ƙara wa kowa 1. In Ka-Zar bai zo ba akwai Blue Marvel, in Blue Marvel bai zo ba akwai Ka-Zar, in duk sun zo ka haɗa su fili guda ka ɗora musu Onslaught a zagaye na 6, ya ninka aikinsu, ƙarin ya bazu ko'ina. Angela tana ƙaruwa duk lokacin da ka sa kati a filinta, Bishop yana ƙaruwa duk lokacin da ka sa kati ko'ina, ƙananan katunan nan su ne abincinsu. Nightcrawler kuma ka sa shi wurin Angela ta ci ribarsa, daga baya ka matsar da shi, ka sami gurbin sake sa wani. Shi ne kuma zai shigar maka filin da aka hana sa kati, irin Sanctum Sanctorum, shi da kuregun.

Na san cire Hulk zai yi maka ciwo. Kowa yana son Hulk. Amma ƙarfinsa duka a fili ɗaya yake zubewa, kai kuma fili biyu cikin uku ake so ka ci. Wanda ya ci fili da tazarar 1 da wanda ya ci da tazarar 30 duk abu guda suka samu. Wannan ita ce cutar sababbin 'yan wasa ta biyu: su ga suna gaba a wuri, su ci gaba da lodi a wurin saboda daɗin ganin lamba tana hawa. Tun daga zagaye na 4 ya kamata ka yanke shawarar filin da ka sallama. Iron Man kam in kana so ka iya musanya shi da Onslaught, ba zan yi musu da kai ba, wasu sun fi jin daɗinsa.

Dek ɗin yana da maƙiyi, kuma gara ka san shi tun yanzu: Killmonger. Yana sauka yake kashe duk wani kati mai farashi 1 a filaye ukun, naka da na mai shi. Amfanin Armor ke nan, filin da take ba a kashe kati a cikinsa, sai ka tara masu muhimmancin a bayanta. Hanya ta biyu ita ce ka daina zubar da ƙananan da wuri. Ka riƙe biyu ko uku a hannu sai zagaye na 6.

A nan ne maganar wanda ake fara buɗe wa kati take shigowa, kuma na yi watanni ina wasa ban lura da ita ba. Ku biyun lokaci ɗaya kuke sa kati a kife, amma ba lokaci ɗaya ake buɗewa ba. Wanda yake gaba a wasan shi ake fara buɗe wa, za ka ga sunansa yana haske a sama. In shi ake fara buɗe wa ya sa Killmonger, katunanka da ke kife ba abin da zai same su, sai ya gama ɓarnarsa su buɗe lafiya. In kai ake fara buɗe wa, sun fito fili ke nan, ya share su. Haka Shang-Chi, mai kashe manyan katunan abokin gaba a filinsa, da can daga ƙarfi 9 yake farawa, daga baya aka mayar da shi 10. Wani lokaci zama a baya da gangan a zagaye na 5 shi ne dabara. Cosmo da Armor kuwa akasin haka ne, so kake a fara buɗe maka, su riga su tsaya kafin nasa ya fito. Kafin ka danna ƙarshen zagaye, ɗaga ido ka ga sunan wa ke haske. Daƙiƙa ɗaya ce.

Filayen ma ka riƙa karanta su, don Allah. Ɗaya ake buɗewa a kowane zagaye, daga hagu zuwa dama, sai a zagaye na 3 kake ganin duka. Akwai Bar With No Name inda mai ƙarancin ƙarfi ne yake ci. Akwai Death's Domain da ke kashe duk katin da ka sa. Kyln ana rufe shi bayan zagaye na 4, TVA kuwa wasan gaba ɗaya take iya tsayarwa bayan zagaye na 4, Limbo ta ƙara na 7. Ga dek ɗinka, Isle of Silence tana kashe aikin katunan Ongoing, masu aiki muddin suna fili, to kada ka kai Ka-Zar ko Blue Marvel can. Onslaught's Citadel kuwa gidan biki ne a wurinka. Central Park tana ƙara wa kowa kurege a kowane fili, in ka ɗora Squirrel Girl a kai sai ka tarar gurabenka 12 sun cike da kuregu babu wurin sa manya. Sa kati a filin da ba a buɗe ba kuwa, wani lokaci yana biya, amma ni ban cika yi da katin da zan yi kukan rashinsa ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin dalilin tsayawarka, fiye ma da dek ɗin. Ba yawan wasan da ka ci ne yake hawar da kai ba, kiyub ne, wato makin da ake ci ko a rasa a kowane wasa. Ana farawa da 1, in an kai ƙarshe ya zama 2. In ɗayanku ya danna Snap, maɓallin ninka kiyub, ƙarshensa 4. In ku biyun kuka danna, 8. Wanda ya danna Retreat kuma, wato ya fice daga wasan, abin da ke kan tebur a lokacin kawai ya rasa. Masu wasan, kamfanin Second Dinner na su Ben Brode wanda ya jagoranci Hearthstone a da, daga wasan backgammon suka aro wannan dabara ta ninkawa. Kafin wani ya tambaya, tunda na san za a tambaya a gidan nan: kiyub ba kuɗi ba ne, ba a sayensa ba a canza shi, maki ne na hawa mataki kawai.

Ɗauki mutum biyu, kowa ya yi wasa 10. Na farko ya ci 6, amma ba ya danna Snap, kowanne 2 ya samu, 12 ke nan. Huɗun da ya faɗi kuwa ya tsaya har ƙarshe bayan an yi masa Snap, kowanne 4, ya zubar da 16. Ya fi cin wasa, amma ya koma baya da 4. Na biyu 4 kawai ya ci, amma duk ya danna Snap an biyo shi, 16. Shidan da ya ga ba sa'a ya fice da wuri, 1 kowanne. Ya ci gaba da 10. Ina kyautata zaton kai ne na farkon, don ni ma shi ne na daɗe ina yi.

Girman kai ne yake kawo shi. Mutum yana jin ficewa kamar abin kunya ne. Ranar da na warke daga wannan cuta ba zan manta ba. Da dek ɗin Wong ɗin nan ne. Duka ukun sun zo hannu, abin da ba kullum ba, na sauke Wong a zagaye na 4 na danna Snap ina murmushi. Mutumin ya mayar min da Snap. Wannan kaɗai ya isa ya sa na tsaya na yi tunani: ya ga Wong, ya san abin da ke tafe, amma bai ji tsoro ba, me yake riƙe da shi? Ban yi ba. A zagaye na 5 shi ake fara buɗe wa, tunda Wong ba shi da wani ƙarfi na kansa. Sai ga Cosmo a filin Wong, karen da ke hana duk wani On Reveal aiki a inda yake. White Tiger ta buɗe babu damisa ko ɗaya. A nan ma ƙofa a buɗe take, da na fice da 4 na rasa. Na ce ai ba za a kore ni ba, na jefa Odin a wani fili ina fatan abin da ni kaina na san ba zai faru ba. Takwas suka tafi. Abin da na tara tun bayan la'asar, a minti uku. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, mun sha ji tun muna yara, amma sai da wani kare mai kayan 'yan sama jannati ya koya min.

Ƙa'idar da nake bi yanzu ba ta da yawa. Ba na danna Snap kafin fili na uku ya buɗe, sai in hannuna ya yi kyan da ba ya buƙatar tambaya. Ina dannawa ne lokacin da ni na san na yi ƙarfi shi bai sani ba, wato kafin na sauke babban katin, ba bayansa ba. In ka bari sai kowa ya ga ka ci sannan ka danna, ficewa zai yi ya bar ka da 1. A dek ɗin da na ba ka, in zagaye na 3 ko na 4 ya yi kana da Ka-Zar da Blue Marvel a hannu, filaye ba su yi maka gardama ba, lokacin ke nan. In kuma shi ya danna, ƙarin ba ya hawa sai zagaye na gaba, don haka kana da damar ficewa a kan tsohon farashi. Tambayi kanka: wane kati ne in yana da shi na mutu? In ka ga alamun dek ɗinsa irin mai ɗauke da katin ne, misali ka ga Nova da Carnage, to ka ƙaddara Killmonger yana nan, fita. Kafin zagaye na 6 kuma ka tsaya ka ƙirga da gaske, lamba da lamba: in na sa wannan a nan ina da nawa, shi da kuzari 6 me zai iya kawowa? In sai ya yi kuskure za ka ci, ba ka ci ba.

Wani abu da ya shafe mu nan: in netwok yana rawa, kada ka shiga wasan kiyub 8. Lokacin zagaye ƙidayarsa yake ko kana nan ko ba ka nan. Na rasa wasan da na riga na ci saboda sabis ya ɗauke ana saura zagaye ɗaya, ba sau ɗaya ba.

Maganar kuɗi kuma. Ɗaga darajar kati da kake yi da kiredit da busta, kayan da ake tarawa a cikin wasan, ba ya ƙara masa ƙarfi ko ɗaya, ado ne kawai, hoto ya fito ya yi motsi. Amfaninsa shi ne yana tura lebul ɗin tarin katunanka gaba, daga nan sababbin kati suke fitowa, don haka ka riƙa yin ayyukan kullum kana kashe kiredit ɗin, kada ka tara. Tikitin kaka na wata-wata kusan dala 10 ne, ka san abin da dala 10 take nufi a aljihunmu yanzu. Kati ɗaya sabo zai ba ka, wanda galibi an yi shi ne don ya yi aiki da wasu katunan da ba ka kai gare su ba. Ga shi kuma ana yawan gyara lambobin kati da aikinsu. America Chavez da muka sani tana zuwa a zagaye na 6 ba fashi, kusan kowane dek da ita, a ƙarshen 2023 aka sake mata aiki gaba ɗaya. Shi ya sa ban cika ba ka lambobin ƙarfi a sama ba, ka karanta abin da ke rubuce a katinka na yau. In bayan wata biyu ko uku kana nan kana jin daɗin wasan, kuma kuɗin ba na cefane ba ne, wannan kai da aljihunka.

Ka yi wasa 20 da dek ɗin nan ba tare da ka canza kati ko ɗaya ba, ko da ka faɗi biyar a jere. Canza dek bayan kowace faɗuwa shi yake hana mutum sanin ko dek ne ko hannunsa ne. Ka sami takarda ka riƙa rubuta kiyub nawa ka ci ko ka rasa a kowanne, da katin da ya zauna a hannunka bai yi aiki ba. Wanda sunansa ya fi fitowa shi za mu fara cirewa, ina zargin Elektra ce ko Korg. In Killmonger da Shang-Chi sun fito maka kafin nan ka faɗa min, akwai dek ɗin Carnage da Nova da Bucky Barnes da zan nuna maka, a can ne Carnage ɗin naka zai ci abincinsa. Ka turo hoton takardar a nan ƙarƙashin wannan amsa.